Furen Da Ba Ya Bushewa

In mun shiga ɗakin amarya a Garun Malam, ko Kura, ko Bunkure, abin da ido ya kan fara gani shi ne jere. Ga langa, ga fanteka, ga kwanoni, kowanne da zanen furanni, ja da shuɗi da rawaya. Waɗannan a masana'anta a ke buga su da yawa. Amma akwai masu zanen fure da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Faransa sun yi suna a wannan sana'a a shekarun 1800.

Ga yadda su kan yi. Mai zane ya kan tsinko furanni, ya sa su cikin kwalba da ruwa, ya ajiye bisa tebur. Sa'an nan ya ɗaure ƙyalle a jikin katako, ya dama launi da mai, ya zauna yana dubawa yana zanawa.

Aikin da wuya. Kowane manomi ya san fure ba ya jira. Furen kuɓewa da ya buɗe da safe, kafin gobe ya yi yaushi. Saboda haka tilas mai zane ya yi hanzari, ya kuma lura ƙwarai, kamar yadda mai noman rani a Kadawa ke lura da furen tumatir, don ya san ko za a sami 'ya'ya.

Gwani a cikinsu shi ne Fantin-Latour, wanda aka haifa a 1836, ya rasu a 1904. Da zanen fure ya ci abinci, galibin masu sayen kuwa mutanen Ingila ne. Matarsa, Victoria Dubourg, ita ma sana'arta ke nan.

Akwai kuma Manet. Ciwo ya kama shi har tafiya ta gagare shi. Abokansa su kan kawo masa furanni in sun zo gaisuwa, shi kuwa sai ya zana su. Ya rasu a 1883. Furannin nan sun bushe cikin 'yan kwanaki, amma zanen bai bushe ba, ya wuce shekara 140 ana kallonsa.

To, jama'a, gobe in mun je gona, mu tsinki fure ɗaya, mu dube shi sosai. Mu ƙirga ganyensa, mu lura da launinsa, mu gwada zana shi da fensir. Za mu ga abin da muka daɗe muna wucewa ba mu gani ba.