Daga Daddawar Misau Zuwa Ɗakin Gwaji: Ilmin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sa Wa Ido

MISAU — Duk matar da ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku har ta zama daddawa, to ta sa wata ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus subtilis aiki, ko da ba ta san da ita ba. Ƙwayar tana fitar da wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda ke narka furotin ɗin kalwa su ba ta ɗanɗano da ƙamshi. Daga cikin wannan bakteriya ne aka samo enzayim ɗin subtilisin, wanda irinsa kamfanonin duniya ke zubawa a garin sabulun wanki.

Masana'antunmu dai sun daɗe da dogaro ga irin waɗannan sinadarai. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna bukatarsu wajen tausasa fata. Har ila yau, bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masu yin lemon malt sun koma ga dawa, amma sai da ƙarin enzayim sitacin dawar ke narkewa yadda ake so. Akasarin wannan kaya daga ƙetare ake sayo shi, da kuɗin musaya.

Matsalar ita ce, enzayim ɗin da aka tsinta a halitta ba don masana'anta aka yi shi ba. Zafi ko gishiri ko wani sinadari mai ƙarfi sai ya kashe shi. A 1993, Farfesa Frances Arnold ta jami'ar Caltech a Amurka ta nuna mafita. Maimakon ta zauna tana lissafin gurbin da za ta gyara, sai ta bi dabarar manomi, wanda ke ware zangarniyar da ta fi kyau don irin baɗi. Ta haddasa sauye-sauye barkatai a ƙwayar gadon subtilisin, ta zaɓi wanda ya fi ƙwazo, ta sake maimaitawa. Daga ƙarshe ta sami wani mai sauye-sauye 10, wanda ya ninka na asali sau 256 wajen aiki a cikin sinadarin DMF. Wannan hanya ta zaɓen iri a ɗakin gwaji ita ta kai ta ga samun rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018.

Ribar abin kuwa ta bayyana a fili. A 2010, kamfanonin Merck da Codexis sun bayyana wani enzayim da suka gyara cikin zagaye 11 don haɗa sitagliptin, maganin ciwon sukari. Da shi aka daina amfani da wani ƙarfe mai tsada, maganin da ake samu ya ƙaru, dattin da ake zubarwa kuma ya ragu da kashi 19 cikin 100.

Abin da ya sa wannan fanni ya dace da koyarwa shi ne, ɗalibi na iya bin matakansa da hannunsa. Da farko zai kwafi ƙwayar gadon da na'urar PCR, a bisa tsarin da zai sa ta riƙa yin kuskure da gangan. Sa'an nan ya shigar da kwafe-kwafen cikin bakteriya, ya shuka su a faranti mai ɗauke da furotin ɗin madara. Duk wadda ta fi narka madarar, za a ga fili garau ya kewaye ta. Ita zai ɗauka ta zama uwar zagaye na gaba. A nan ne ɗalibi ke koyon babban darasin: abin da ka auna shi za ka samu. Idan majemi enzayim mai jure zafin bazara yake so, to tilas a cikin zafi za a yi gwajin.

A halin da ake ciki, yankin bai rasa inda za a dasa wannan ilmi ba. Jami'ar Jihar Bauchi da aka kafa a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, tana da mazauninta a Gadau kusa da Azare, da kuma reshe a Misau. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken fata da ƙiraga, wadda ta san bukatun majema.

Sai dai gini kaɗai ba ya isa. Aikin yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, domin firji ya mutu dare ɗaya, aikin zango guda ya lalace. Yana kuma bukatar sinadaran gwaji, waɗanda farashinsu ke hawa da sauka tare da dala.

Nan ne rawar 'yan kasuwa take. Mai masana'antar da ya kai wa sashen kimiyya matsalarsa takamaimai, ya sa musu wutar sola, ya ɗauki nauyin sinadaran ɗalibai na shekarar ƙarshe, ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba. Ko da ba a dace da sabon enzayim a karon farko ba, zai sami ma'aikacin da zai iya auna ingancin wanda yake sayowa daga waje, ya kuma gaya masa in an sayar masa da lami.