A Gaya, Ƙuri'a Na Bin Ubangida

Mu da muka san kasuwar Gaya mun san wanda ake tambaya in zaɓe ya ƙarato: Alhajin da ke ba mu kaya bashi, wanda in buhunan shinkafarmu suka maƙale a duwan shi ke ɗaga waya su fito. Mace mai sayar da manja ko atamfa ba ta karanta manufar jam'iyya ba, amma ta san wanda ya biya mata kuɗin asibiti. In ya ce ga ɗan takararmu, ita da ƴaƴanta da kishiyarta sun ji. Zanen kamfe mai hoton ɗan takara kuwa, wannan tukuici ne kawai.

Manya ma haka suke yi. A 1993 Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP Zaman Lahiya ya samu kusan kashi 15 cikin ɗari, da ƙarfin jahar Dosso, sannan ya juya mutanensa ga Mahamane Ousmane a zagaye na biyu. Ko a Turkiyya, gwamnatin Erdogan ta yi shekaru tana raba wa talakawa gawayi kyauta, ƴan takara kuma na zawarcin ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya a Istanbul.

Sai dai a 2023 an rufe gadar Malanville bayan juyin mulki, a 2025 kuma aka rusa jam'iyyu. Alhazai da dama ciniki ya karye musu, masu ba da bashi sun ragu. Ranar da akwati ya dawo, wa zai ce mana ga namu?