Tawadar da ta ɗiga da harafin da ya sauya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kwafin littafi da hannu ya san kuskure iri biyu ne. Akwai wanda ido ke kamawa nan take: tawada ta ɗiga a kan kalma, ko gara ta ci gefen takarda. Akwai kuma wanda ke wucewa salin-alin. A ce asalin rubutu "ya sayo gero" ne, mai kwafi ya sa "ya sayo goro". Rubutu tsaf, jimla ta zauna daram, amma saƙo ya sauya, kuma duk wanda ya kwafa daga wannan takarda goro zai rubuta da zuciya ɗaya. Irin waɗannan biyun ne ke faruwa a cikin DNA ɗinmu. Na farko shi ne lahani, na biyu shi ne sauyin gado. Mutane kan haɗa su a kwando ɗaya, alhali abin da kowannensu ke nema a wurinmu daban ne.

DNA rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Kwafi guda yana ɗauke da haruffa kimanin biliyan 3, kuma kowa yana da kwafi biyu, na uwa da na uba. Rubutun yana kan zare biyu da aka tufke kamar igiya. A kullum A na fuskantar T, G na fuskantar C, saboda haka kowane zare shaida ne a kan ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya lalace, ana duba ɗayan a san abin da ke wurin. Galibin aikin gyara a kan wannan shaida ya dogara.

Mu fara da lahani. An daɗe ana ɗauka DNA abu ne mai ƙarko da ba ya taɓuwa, sai a shekarun 1970 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Tomas Lindahl, ya nuna cewa ko ba a taɓa shi ba yana rududdugewa da kansa. A kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, haruffa kimanin 10,000 ne ke ɓallewa daga zarensu a kowace rana, don ɗumin jiki da ruwan da suke ciki kawai. Ga kuma na waje. Hasken rana yana ɗauke da wani kaifi da ido ba ya gani, wanda kan liƙe harafin T biyu maƙwabta su zama ƙulli. Hayaƙin taba yana manna wa haruffa datti. Haka ma gubar aflatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi.

Da babu masu gyara, da babu wanda zai kai shekara. Amma cikin kowace ƙwaya akwai sinadaran furotin da ke sintiri a kan zaren dare da rana, kowane rukuni da aikinsa. Rukunin da Lindahl ya gano yana tsince harafi ɗaya da ya ɓaci, ya dubi na gabansa, ya sa daidai. Rukunin da Aziz Sancar, haifaffen garin Savur a Turkiyya, ya fayyace aikinsa, shi ke kula da ƙullin da rana ta yi: yana yanke guntun zare mai haruffa kusan 30 har da ƙullin a ciki, ya sake rubuta wurin, ya liƙe, kamar yadda tela ke yanke inda wuta ta ƙona ya sa faci. Na uku, wanda Paul Modrich na Amurka ya bayyana, yana bin bayan mai kwafi lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, yana kama haruffan da aka haɗa da waɗanda ba abokansu ba, kuma yana rage kurakuran kwafi har ninki kusan dubu. Su ukun nan aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015.

Ba a sanin darajar waɗannan ma'aikata sai inda aka rasa su. Akwai wata lalura da ake gado mai suna zerodama, wadda aka fi gani a Arewacin Afirka da Japan. A 1968 James Cleaver ya nuna cewa ƙwayoyin masu ita ba sa iya yanke ƙullin da rana ta yi. Yaron da ke da ita, wasan da sa'o'insa ke yi a tsakar gida da hantsi shi ne ke ƙona masa fuska, kuma sau da yawa ciwon dajin fata kan kama shi kafin ya cika shekara 10. A ƙasashen da ke magana da Faransanci ana ce musu 'ya'yan wata, don sai rana ta faɗi suke fita. Wannan ya sha bamban da zabiya. Zabiya launin da ke tare rana ne ya rasa, masu gyaransa suna nan. Mai zerodama kuwa masu gyaran ne babu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, yaya lahani ke zama sauyin gado? Lokaci ne ke raba su. Harafin C kan rasa wani ɗan ɓangare nasa ya rikiɗe ya zama U, wanda ba ɗan gida ba ne a DNA. Muddin yana nan a matsayin U, masu sintiri za su gane baƙo ne su cire shi. Idan kuwa ƙwaya ta riga su, ta fara kwafi kafin su iso, mai kwafi zai ɗauki U a matsayin T ya sa masa A a gaba. A zagaye na gaba wurin ya zama T da A, cif-cif, ba tabo. Gero ya zama goro, zaren biyu sun yi baki ɗaya, babu sauran shaidar da za ta ce da ba haka yake ba. Daga ranar masu gyara za su tsare sabon harafin da irin amanar da suka tsare tsohon.

Makomar wannan sauyi ta danganta da inda ya faɗa. Idan a ƙwayar hanta ne ko huhu ko fata, da mai shi zai tsaya, ba ya wucewa ga 'ya'ya, sai dai yana iya zama mafarin ciwon daji. Misali a kusa: akwai ƙwayar gado mai suna TP53, wadda ke tsayar da ƙwayar da ta lalace har a gyara ta, in ta ƙi gyaruwa ta sa ta mutu. Aflatoksin kan sauya G zuwa T a gurbi na 249 na wannan mai gadi, kuma an sami wannan tambari a ciwon dajin hanta a Gambiya da Mozambik da wasu sassan Sin, musamman inda ya haɗu da ciwon hanta nau'in B. Idan kuwa sauyin a maniyyi ko ƙwan mace ya auku, ya shiga zuriya ke nan. Kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 da babu su a jikin uwarsa ko ubansa, kuma galibinsu ba sa cutarwa ba sa amfanarwa.

Sauyin da ya daɗe yana yawo har aka same shi a jikin fiye da mutum ɗaya cikin ɗari a al'umma, masana sukan daina kallonsa a matsayin kuskure, su kira shi bambancin gado. Tsakanin kowane mutum biyu akwai bambancin harafi kusan ɗaya cikin dubu. Wani irinsa ne ya sa Fulani da yawa ke narkar da madara har tsufa ba tare da ciki ya murɗa ba. Wani kuma ya cire wata ƙofa da ake kira Duffy daga jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutanen Afirka ta Yamma, ya sa nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax ke shan wuyar shiga.

Wanda ya fi taɓa gidajenmu shi ne amosanin jini, wato sikila. Harafi ɗaya ne tak: GAG ya koma GTG a ƙwayar gadon da ke gina sinadarin jini mai ɗaukar iska. Wanda ya gaje shi ta gefe biyu, wato SS, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon kwana 120 sai su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Uwar da ta kwana zaune cikin sanyin hunturu tana matsa wa yaronta ƙafa, yana kuka yana cewa ƙashinsa ake sara, ta fi kowane masani sanin nauyin harafin nan. Amma me ya sa bai ɓace ba? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS, wato wanda ya gaje shi ta gefe ɗaya, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Binciken da aka yi a Garki ta jihar Jigawa ta yau a shekarun 1970 ya tabbatar da haka a ƙasarmu: masu AS kusan 24 cikin ɗari ne a tsakanin jarirai, amma a tsakanin waɗanda suka wuce shekara biyar sun kai kusan 29, don zazzaɓi ya fi ɗauke masu AA, waɗanda ba su gaje shi ba. Kowane allazi da nasa amanu. Harafin da ya tsare kakanninmu daga sauro shi ne yake kwantar da jikokinsu.

Idan aka ɗora su a ma'auni, lahani mai yawa ne amma ɗan lokaci ne, yana zuwa dubbai a yini kuma kusan duka ana share shi. Sauyi kaɗan ne amma mai zama ne. Lahani ba ya da wani alheri. Sauyi kuwa yana iya zama cuta, yana iya zama garkuwa, yana iya zama duka biyun, gwargwadon ƙasar da mutum yake zaune da abin da ya gada ta ɗaya gefen. Kuma da gyara ya cika ɗari bisa ɗari, da babu bambancin da al'umma za ta jingina da shi ranar da annoba ta zo.

Saboda haka abin da kowanne ke nema a wurinmu daban ne. Lahani rage shi ake yi: a busar da gyaɗa da masara sosai kafin a zuba a rumbu, a tsince masu funfuna a zubar, a yi wa jarirai allurar ciwon hanta, a bar taba, a sama wa zabiya hula da riga mai dogon hannu. Sauyin da aka gada kuwa saninsa ake yi. AS da AS idan suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, ko da na baya ya zo lafiya. Jihar Kano ta sa gwajin jini kafin aure ya zama doka a 2024, amma ya fi kyau saurayi da budurwa su sani tun kafin zuciya ta yi nisa, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa uwa laifi idan yaro ya zo da sikila, har a ce daga danginta ne. Yaron SS harafi biyu ya karɓa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma babu ɗayansu da ya rubuta shi. An rubuta shi tun dubban shekaru, a jikin wani da ba mu san sunansa ba, kuma albarkacinsa zuriyarsa ta tsira daga zazzaɓi har ta iso gare mu. Abin da ya rage mana shi ne mu karanta abin da muke ɗauke da shi kafin mu miƙa wa na baya.