Zubewar gashin mata: a ƙirga wata uku baya kafin a zargi kowa

Ɗankwali yana rufe abubuwa da yawa. Mace za ta iya shekara guda gashinta yana zuba, ba wanda ya sani sai ita da makitsiyarta. Daga Baroua zuwa Bosso, Toumour, Gueskérou har unguwannin cikin garin Diffa, a gindin kitso ake yin wannan magana, ita ma da murya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce ruwan fanfon sabon wurin da ta koma ne bai karɓe ta ba. Wata ta ce hannun makitsiya ne ba kyau. Wata kuma ba ta cewa komai, sai dai ta fara yi wa abokiyar zamanta wani irin kallo. Kafin a ankara, jika biyu, jika uku sun tafi wajen mai magani, zumunci kuma ya fara tsami. Alhali sau da yawa abin da ya jawo zubewar ya riga ya wuce tun wata uku baya.

Don a gane wannan, sai an san yadda gashi yake rayuwa. A kan mutum akwai saiwar gashi wajen 100,000, kuma ba tare suke tafiya ba. Cikin kowane gashi 100, wajen 85 zuwa 90 suna cikin girma, girman da kan ɗauki shekara 2 zuwa 6. Sauran sun tsaya suna hutawa. Gashin da ya tsaya yakan zauna a wurinsa kamar wata uku, sannan ya faɗi, sabo ya fito daga ramin da ya bari. Shi ya sa lafiyayyen mutum ma yake zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana.

To, ga lissafin da ke kwantar da hankalin mata da yawa. Mace ta yi kitso, ta bar shi sati uku. Gashin da ya saki a cikin kwana 21 ɗin nan bai da hanyar faɗuwa, yana nan maƙale cikin kitson. Ranar tsifa sai ya fito gaba ɗaya, sili 1,000 zuwa 2,000 a dunƙule kan mataji. Abin tsoro ne a ido, amma na kwana 21 ne aka tara. Sai dunƙulen ya ninka wanda kika saba gani, ko kitson da kansa ya sirance, sannan za a ce akwai magana.

Idan jiki ya gamu da babbar girgiza, yakan yi irin abin da magidanci ke yi a shekarar fari: ya tsayar da duk hidimar da ba dole ba. Gashi yana cikin na farko da ake tsayarwa. Saiwoyi masu yawa sai su daina aiki lokaci guda, su shiga hutu. Amma ku tuna, gashin da ya shiga hutu ba ranar yake faɗuwa ba, sai bayan wata biyu zuwa uku. Nan ne ruɗanin yake. Lokacin da mataji ya fara cika, matar ta warke, ta koma gona ko kasuwa, ta ma manta da ciwon. Sai ta nemi dalili a cikin abin da ya faru makon nan.

Me ke kawo irin wannan girgiza? Zazzaɓi mai zafi, ko na cizon sauro ko taifot. Haihuwa, musamman wadda aka zubar da jini da yawa. Ɓari, tiyata, ramewa ta gaggawa. Sai kuma tashin hankali mai tsanani: mutuwar miji ko ɗa, saki, gudu cikin dare.

Na ƙarshen nan ba sai an yi wa mutanen bakin Komadugu dogon bayani ba. Tun harin 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, jama'ar wannan yanki suke ɗauke da kaya a ka. Mutanen Baroua sun bar garinsu a shekarar, suka yi shekara shida a waje. A watan Yunin 2021 hukumomi suka maido da mutum kusan 6,000 gida, sai ga shi a ƙarshen watan Agustan shekarar an sake kai wa garin hari, sojoji 16 suka rasa rayukansu. A tsakani ga ambaliyar kogin ta 2019, daga baya ga ta 2022, waɗanda suka cinye gidaje da gonakin tattasai. Matar da ta ratsa wannan duka, tana goyo, tana neman abin da za ta ɗora a wuta, in gashinta ya zube ba sai an nemo wani mai hannu a ciki ba. Kuma idan fargabar ba ta ƙare ba, zubewar ma takan ja lokaci, ta lafa ta dawo.

Akwai wani daidaituwar lokaci da ke ƙara rikita mutane. Zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. A ƙara wata uku, an faɗa Nuwamba zuwa Janairu, tsakiyar hunturu ke nan. Sai kowa ya ce iska ce. Iskar hunturu tana da nata laifin, tana busar da gashi ya riƙa karyewa, amma ana iya bambancewa. Ki ɗauki sili ɗaya ki duba a haske. Idan dogo ne, da ɗan farin kai kamar ƙwayar gero a gindinsa, daga saiwa ya saki. Idan guntaye ne ba farin kai, karyewa ya yi, kuma maganin wannan mai ne da sassauta tazar.

Labari mai daɗi a nan shi ne saiwar ba ta mutu ba. Irin wannan zubewa, ko da ta firgita mutum, ba ta kai mace ga sanƙo. Idan dalilin ya kau, yawanci takan tsaya da kanta cikin wata shida, a fara ganin ƙananan gashi tsaye a goshi da gefen tsaga. Sai dai haƙuri, don gashi bai wuce santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata ba. Kafin ya kai tsawon da makitsiya za ta kama da daɗi, shekara ta zagayo. Wannan ne ma sirrin kasuwar masu tallan maganin gashi. Mace takan sayi magani lokacin da zubewar ta kai ƙarshen ƙarfinta, bayan 'yan makonni ta lafa kamar yadda dama za ta lafa, sai kwalbar ta kwashe yabo.

Idan an wuce wata shida ba sauƙi, to a daina jira, a je CSI a nemi awon jini. Ƙarancin jini shi ne abin da ya fi hana gashi farfaɗowa, kuma a Nijar kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa suna fama da shi. Alamunsa sanannu ne: jiri, haki in an ɗan yi tafiya, farin ido, bugun zuciya, wani lokaci kwaɗayin cin ƙasa ko farar kanwa. Nan ma tarihin yankin ya taka rawa. Dokar ta-ɓaci ta 2015 ta tsayar da kamun kifi da cinikin tattasai na tsawon shekaru, gidajen da suka saba da kifi kullum suka koma tuwo da miyar da ba ta da komai. Kifi, ɗanye ko banda, hanta, wake, ƙwai, zogale, gyaɗa, duk wanda ya samu cikin waɗannan yana taimakon jini. Wani abu ƙarami da ba kowa ya sani ba: shayi mai kauri da ake sha daf da gama cin abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Ba a ce a bar shayi ba, a dai ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki kuma, a shanye su, kar a ajiye a ƙasan akwati don sun sa bayan gida ya yi baƙi. Haka suke yi. Idan akwai kumburi a wuya, ko yawan jin sanyi da kasala, ko rama da rawar hannu, a faɗa wa ma'aikacin lafiya, don ciwon maƙoƙo ma yana zubar da gashi.

Na lokacin ɗaukewar al'ada daban ne

Hukumar lafiya ta duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma sai an yi wata 12 cur ba a gani ba ake cewa ta ɗauke. Amma canjin yana farawa shekaru kafin nan: al'ada ta riƙa wasa, zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, barci ya ƙi zuwa. Sinadarin mata da ke tsawaita girman gashi yana raguwa a jiki, sai kowane sabon gashi ya fito ya fi na baya siranta, kuma bai daɗewa.

Wannan ba ya cika mataji. A hankali yake tafiya, shekara da shekaru. Tsagar tsakiyar kai ce ke ƙara faɗi, fatar kai ta fara leƙowa, kitson da a da ake yi guda goma masu kauri yanzu ya koma kamar zare. Goshi yawanci yana nan. Gado yana da hannu a ciki, wadda uwarta ko gwaggonta ta yi haka ta fi kusa da yi. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce wannan ba ya komawa yadda yake da kansa. Ana iya rage masa gudu. Akwai maganin shafawa mai suna minoxidil da likitoci ke rubutawa, amma sai an yi wata huɗu zuwa shida ana shafawa kullum kafin a ga wani abu, ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ranar da aka daina, abin da aka samu zai sake zubewa. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. Wadda ba za ta iya jure kuɗinsa wata bayan wata ba, gara ta sani tun kafin ta fara. A saye shi a famasi da takardar likita, ba a kan tebur cikin rana ba.

Sau da yawa abu biyu ne suke haɗuwa. Mace mai shekara 47, al'adarta tana zuwa da jini mai yawa kafin ta ɗauke, ga ƙarancin jini, ga rashin barci, ga damuwa. Gyara jinin kawai yana iya maido da wani kaso na gashin. Tunda an zo nan, a ƙara da wannan ko da ba maganar gashi ba ce: jinin da ya dawo bayan an yi shekara ba al'ada, ba al'ada ba ce ta dawo. A je asibitin uwa da yara na Diffa a duba, kar a jinkirta.

Wanda ya fi cancantar a ji tsoro kuwa, shi ne wanda aka fi rainawa. Kitson da aka ja har girar mace ta ɗaga, har ta kwana biyu tana shan maganin ciwon kai, har ƙananan ƙuraje suka fito a gefen goshi, yana tumɓuke saiwa ne a hankali. Ƙarin gashin doki yana ƙara nauyi, man miƙar da gashi yana raunana shi, ɗankwalin da ake tamkewa wuri ɗaya kullum yana gogar gaban. Da farko in an sassauta, gashin yana dawowa. In aka ci gaba shekara da shekaru, wurin ya yi sumul yana sheƙi, ramukan sun toshe, to ba man da zai fito da shi, ko daga ina aka kawo shi. Akwai kuma wani ciwo da ya fi kama matan baƙar fata, yana farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa a zagaye, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi ko jin tsami in an taɓa. Shi ma tabo yake bari. Wannan aikin likitan fata ne, ko da zai kai a tura mutum Zinder ko Yamai, kuma abin da za a iya cetowa shi ne wanda bai riga ya tafi ba. Makitsa su ne suke fara ganin waɗannan alamu, tun kafin mai kan ta gani. Makitsiyar da ta ce wa mace "Yaya, gabanki ya fara ja baya, bari mu yi manya-manya sakwa-sakwa", ta yi mata abin da ya fi kyan kitson.

Chebe da man karkar da ake kawowa daga Chadi fa? Suna da amfaninsu. Suna riƙe danshi, gashi ya rage karyewa, tsawonsa ya tsaya. Man kaɗanya da man shanu ma haka. Amma a jikin gashi suke aiki, ba su kai ga saiwa, ba su ƙara jini, ba su maido da sinadarin da shekaru suka rage. A shafa su a jikin gashin, kar a cusa a fatar kai har ta toshe.

Maza, ku ma da ku ake. Matar da gashinta ya zube bayan ta haifa maka ɗa, ko bayan ta gudo da 'ya'yanka daga bakin tabki, ba abin yi wa ba'a ba ce, balle a gaban kishiya ko dangi. Jikar da za a kai wa mai magani, a sayo kifi da wake da ita. Idan kuma ba ta barci, tana firgita da ƙarar ƙofa, tana mafarkin abin da ya wuce, ta daina shiga mutane, to gashin ƙaramin abu ne a cikin abin da ke damunta. A raka ta asibiti ta faɗi wannan ma, don ciwo ne da ake kula da shi.

Ranar zuwa CSI, a tafi da amsar tambayoyin da za a yi. Yaushe zubewar ta fara? Me ya faru wata biyu zuwa huɗu kafin nan? Yaushe aka ga al'ada ta ƙarshe, kuma yaya yawanta? A ɗauki kwalin duk maganin da ake sha, har da na tazarar haihuwa, don fara wasu ko barin su yana iya taɓa gashi, amma kar a daina kowanne sai an yi shawara. A je da kai a tsefe, ba mai, ba lalle, don mai dubawa ya ga fatar kan da kyau.