Ragon Layya da Makomar Tumakinmu 'Yan Ƙasa

Duk shekara idan watan Zulhajji ya tsaya, masu raguna kan yi sansani a bakin hanya nan Mando, kuma tambayar mai saye ba ta wuce biyu: nawa ne, kuma wanne ya fi girma? Da wuya mai karatu ya ji wani ya tambayi dillali asalin ragon da yake tayawa, alhali kuwa a ganina wannan tambaya ce ya kamata ta dame mu.

Masana sun nuna cewa an fara kiwon tumaki ne a Gabas ta Tsakiya, kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, daga wata tunkiyar daji, sannan suka shigo Afirka ta wajen Masar suna bin makiyaya. A Turai an yi ta zaɓen masu yawan ulu har aka samu irin Merino na ƙasar Sifen. Namu kuwa gashi gare su, domin wanda ke fama da zafin bazara ba ya bukatar bargo.

Farin ragon nan mai tudun hanci da faɗin kunne, wanda ke jan idon masu hali, shi ne Balami, kuma gidansa Borno da yankin Tafkin Cadi. Uda ba ya ɓuya: gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, kamar an raba shi da wuƙa, ga dogayen ƙafafu na cin doguwar tafiya, domin dabbar Fulani makiyaya ce da ke kai-komo tsakanin Nijar, Cadi da arewacin Nijeriya. A kudu akwai gajerun tumaki masu jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa.

Amma wanda nake so mu dube shi da kyau shi ne Ɗan Ƙasa, farin rago matsakaici mai baƙi a kewayen ido da kunne da baki, mai geza a ƙirji. Shi ya fi kowane iri yawa a Nijeriya, har Turawa suka ɗauki sunan nan namu suka sa a littattafansu. Ba shi da ƙirar Balami, gaskiya ne, to amma ya san ƙasar nan. Ruwan da ke sauka a Kaduna ya haura milimita 1,000 a shekara, kuma damshi irin wannan kan jawo wa dabbobin Sahel tsutsar ciki da ciwon kofato, yayin da tunkiyar gida takan wuce damina da ɗan abin da ta tsinta da dusar da uwar gida ta ba ta. Cikinta wata biyar ne, don haka mai kula da ita zai iya samun haihuwa uku cikin shekara biyu. Da irin wannan tunkiya mata da yawa a ƙauyukanmu ke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

To, ina matsalar take? Ragon da ya fi kowanne kyau a garke shi ake kamawa a turke, a cika shi da harawa da dusa, a yanka ran Sallah, sau da yawa tun bai yi barbara ba. Ƙanana da ramammu su ake bari su hau tumaki. Manomi ba ya cinye dawar da ta fi kyau ya ajiye ƙaiƙayi don iri, amma abin da muke yi wa garkenmu ke nan shekara da shekaru. Bugu da ƙari, kwaɗayin girma ya sa ana haɗa iri barkatai ba tare da rubuta komai ba, sai a samu ɗan da ya rasa girman ubansa, ya kuma rasa juriyar uwarsa.

Ba ina sukar haɗa iri ba ne. Mutanen Sanagal sun fitar da ragon Ladum, wanda ake saye da miliyoyin sefa, amma sun yi haka ne da sanin uwa da uban kowane rago, kuma gwarzon rago a wurinsu na barbara ne, ba na wuƙa ba.

Abin takaicin shi ne ba mu rasa masana ba. Gonar Shika da ke kusa da Zariya tun 1928 take, kuma a 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, inda aka daɗe ana nazarin 'Yan Ƙasa. A nan Mando ma ga Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ina kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ta haɗa kai da su, a ware zaɓaɓɓun ragunan barbara a kowace gunduma, a riƙa ba masu kiwo aro, da sharaɗin ba za a sayar ko a yanka ba sai rago ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, sannan a musanya shi da na wata gunduma don kada ya koma kan 'ya'yansa.