Ɗan Wane Gida Ne a Mandera?

Saƙon gajere ne, ta hannun wani mai safarar goro tsakanin Kumasi da Sakkwato ya iso: "Ina neman dangin kakana. Mutumin Sakkwato ne, garinsu Mandara. Ya rasu a Kumasi tun ba a haife ni ba. Don Allah a taimaka." Mai saƙon matashi ne haifaffen Gana, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. An karanta wa mutane da dama, kowa ya ce Allah ya sada shi da danginsa, aka wuce. Babu wanda ya yi masa rowa, inda za a kama ne babu.

Na karɓi lambarsa muka fara magana ta waya, domin na ga alamar abin da ya sani ya fi abin da ya rubuta. Yawancin masu neman asali haka suke: suna faɗin abin da suke so, su bar abin da suke da shi a ciki.

Matsala ta farko ita ce Sakkwaton kanta. A zamanin kakansa, Lardin Sakkwato ya haɗa har da ƙasar da ta zama Jihar Kebbi a 1991 da wadda ta zama Zamfara a 1996. Mutumin Argungu da na Gusau duk Sakkwatawa ne a bakin mutanen zango. Sunan garin ma ya raba hankalin mutane, har wasu suka ce ai duwatsun Mandara na iyakar Barno da Kamaru ake nufi, don haka mutumin ba Basakkwace ba ne sam. Na ce wa matashin ya nemo mini wanda ya taɓa jin muryar kakan. Mahaifinsa ba zai yi ba, yana ɗan yaye tsohon ya rasu, uwarsa Badagomba ta ɗauke shi zuwa wajen danginta a Tamale. Sai ya samo wani tsohon tela da ya yi haya gida ɗaya da marigayin. Telan ya ce mutumin "wanga" da "anka" yake yi, kuma yara na yi masa dariya in ya ce zai "tahi". Daga nan maganar Barno ta faɗi.

Na ce ya koma wajen telan da wata tambayar: waɗanne garuruwa marigayin yake yawan ambata? Biyu ya tuna. Yakan ce shi mutumin ƙasar Yabo ne, kuma yakan yi alfaharin cewa suna yara da ƙafa suke zuwa Sifawa. Sifawa ba ɓoyayyen wuri ba ne: a nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 har 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuma yana Bodinga kusa da shi. Ita kuwa Shagari a da ƙarƙashin Yabo take, ƙasar Sarkin Kabin Yabo, shi ya sa Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya yi elementarensa a Yabo. Garin da yake tsakanin waɗannan wurare, mai suna irin wannan, shi ne Mandera, wadda a yau mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Shagari, a maƙwabtaka da Bodinga.

An sami gari, saura mutum. Sunan da aka san shi da shi a Kumasi ba zai yi amfani ba, don lakabi ne aka jingina wa sunan Sakkwato. Al'adar ɗaukar sunan gari ta yi ƙarfi a wancan zamani, kamar yadda ta bi Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da shi kansa Shagari. A waje tana bambanta mutum, a gida kuwa ba ta nuna kowa. Amma matashin yana da wani tsohon Alƙur'ani na kakan, kuma a bangon ciki an rubuta sunan yanka da ajami, da tawadar da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Muhammadu Salisu ne, wato na uku a jeri. Gidan da ya sa wa ɗa Salisu ya riga ya yi Awwalu da Sani. Ke nan 'yan'uwa uku muke nema aƙalla, ba mutum ɗaya ba.

Shekarar tafiyarsa ma ta fito ta irin hanyar da tsofaffi suke lissafi. Telan ya ce marigayin yakan ce ya baro gida shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, aka naɗa Abubakar na Uku a watan Yunin shekarar. Lokacin nan samarin lardin na fita cin rani da an gama girbi, da yawa su nufi Gwanja, wato Gana ta yau, wasu su dawo da faɗuwar damina, wasu su zarce.

Wani ya ba da shawarar a je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke. Wurare ne masu daraja, kuma wanda yake bin zuriyar hakimi ko alƙali ko babban malami zai amfana. Amma rahoton haraji na Turawa sunan mai gari yake kawowa da adadin masu biya. Talakan da ya ɗauki sanda da buta ya nufi yamma, a bakin mutanen garinsu kaɗai labarinsa ya rage.

Kafin a tunkari garin sai da muka tsaya a kan wani abu da masu neman dangi suke mantawa. Baƙon da ya zo yana tambayar asalin gida, abu biyu ake zarginsa da su: ko gado yake bi, ko tonon asali. Na biyun ya fi zafi. A ƙasar da aka yi rinji da bauta, akwai gidajen da ba sa son a ɗaga wasu maganganu, kuma haƙƙinsu ne. Don haka na ce ya faɗi niyyarsa ƙarara, cewa zumunci yake nema ba gona ba, ya kuma faɗi cewa kakarsa ba 'yar ƙasar ba ce. Ya ɗan ja baya a kan wannan na ƙarshen. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka sake rubuta saƙon da sunan yanka, da jerin 'yan'uwa, da shekarar tafiya, da sana'arsa ta aski, aka haɗa da hoto ɗaya tilo da yake da shi: mutum dogo da hula, tsagen fuskarsa ya fito raɗau.

Ta ƙofar masu gari aka shiga, kamar yadda ya kamata, su kuma suka tura mu wajen wani dattijon wanzami. Dabarar tana da tushe, domin aski sana'ar gado ce, kuma wanzami ne yake halartar kowane suna, shi yake yi wa jariri tsagen gidansu. Tsohon ya kai hoton bakin zaure inda haske yake, ya daɗe yana bin tsagen da ɗan yatsa.

"Wanga namu na," ya ce. "Su ukku na. Guda yat tahi Gwanja bai komo ba."

Na ce, "Baba, akwai nasa a raye?"

Ya ce, "Ku biɗi ɗiyatai. Ita da uwatta sunka komo shekarar da anka kore mutane."

A nan labarin ya juya. Matashin bai taɓa jin kakansa yana da wata mata ba. Amma lissafin ya zauna daidai: a ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, kuma 'yan Nijeriya masu ɗimbin yawa suka kwaso kaya. Uwargidan marigayin, wadda aka kai masa daga gida, tana cikinsu da 'yarta budurwa. Amarya ta riga ta tafi Tamale da ɗanta, kuma ba ta taɓa ɗauko masa zancen kishiya ba. Da tun farko an tambayi tsofaffin matan garin, da an gajarta hanya, don su suke riƙe da lissafin aure da haihuwa.

'Yar tana nan da ranta a wani ƙauye kusa, ta tsufa, da jikoki. Ba ta yi saurin yarda ba, kuma na ga dacewar hakan. Aka kira Kumasi aka miƙa mata waya.

"Gwaggo, ina wuni," in ji matashin.

Ta ce, "Dakata tukuna, ɗana. Ubanka na da tabo ga ƙahwa?"

Ya ce akwai, tabon ƙuna ne a dugadugin hagu, kuma mahaifin nasa bai san inda ya samo shi ba. Ta ce ita ta sani: tana goye da shi ta sauke shi kusa da murhu, ya taka garwashi, ranar ta sha duka wajen uwarta. Ta kawo sunan kakansu da na uban kakan, matashin yana rubutawa.

Maganar gona kuwa 'ya'yan yayyen marigayin ne suka ɗauko ta da kansu. Sun ce rabon ƙanen ubansu yana hannunsu tun rasuwar kakansu, kuma in ɗansa ya zo bayan girbi za a kira malamai a raba yadda shari'a ta tanada.