Fitila a Cikin Tsoka: Yadda Haske Ke Gadin Gudun Jini, da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Duk wanda ya taɓa kifa tafin hannunsa a kan tocila cikin dare ya ga yatsunsa sun yi jawur kamar garwashi. Wannan wasan yara shi ne tushen wani reshe na aikin likita da ke ta bunƙasa. Jini yana shanye yawancin launukan haske, ya bar ja ya wuce. Kuma jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin ba ya shan haske daidai da wanda ya riga ya sauke tasa. Ɗan matsewar nan da nas ke maƙala wa majiyyaci a yatsa da wannan bambanci yake aiki: yana harba jan haske mai tsawon zango kusan nanomita 660, da wani da ido ba ya gani mai kusan 940, sannan ya auna abin da ya tsira ta ɗaya ɓangaren. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden ne ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Tun kafin shi, a ƙarshen shekarun 1930, Alrick Hertzman a Amurka ya nuna cewa ana iya bin bugun jini a fata da fitila da idon lantarki.

Abin da ya sauya yanzu shi ne wurin da ake son ajiye fitilar. Masu bincike da kamfanonin kayan asibiti suna neman su ɗauke ta daga yatsa su kai ta ciki, su manna ta a jikin hantar da aka dasa, ko su binne ta a tsoka, ko su naɗa ta a jijiyar da aka ɗinke, ta zauna can tana ba da rahoto dare da rana.

Domin a fahimci dalili, sai a leƙa ɗakin majinyata bayan tiyatar da ake yanko tsoka da fata daga wani sashe na jiki a cike gurbi a wani. Misali, mutum ya rasa muƙamuƙinsa saboda ciwon daji, aka ciro ƙashi daga ƙwaurinsa tare da jijiyoyinsa, aka ɗinke su da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Jijiyoyin nan faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Ɗan gudan jini kaɗan ya ishe su toshewa, kuma yawancin toshewar a cikin kwana uku na farko take faruwa. Saboda haka nas take zuwa kowace awa. Ta duba launin wurin. Ta taɓa ta ji ko da ɗumi. Ta danna da yatsa ta saki, ta ƙirga daƙiƙun da jini zai ɗauka kafin ya dawo. Idan ta yi shakka, a tsira ƙaramar allura a ga kalar jinin da zai fito: ja mai haske alheri ne, baƙi-baƙi mai saurin ɓulɓulowa na nufin hanyar komawar jini ta toshe, in kuwa ba abin da ya fito, to jinin ma ba ya isowa. In an gano da wuri, a koma ɗakin tiyata a buɗe jijiyar, sau da yawa a ceci aikin. In aka yi jinkirin wasu sa'o'i, tsokar ta mutu, aikin yini guda ya tashi a banza.

Duk wannan dubawa ido da yatsa ne, da ƙarfe uku na dare, a hannun wadda ke da wasu majinyatan suna jiranta. Kuma akwai dashen da ba a ganinsa sam, kamar guntun hanji da aka gyara maƙogwaro da shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 akwai abin da ake kira Cook-Swartz, ɗan ƙaramin ma'auni mai aiki da sauti da ake naɗawa a jijiyar, wayarsa ta fito waje, a zare ta bayan kwanaki. Yana da amfani, amma labarin jijiya ɗaya kawai yake bayarwa. In a kan mai kawo jini aka ɗaura shi, yana iya ci gaba da bugawa na wani lokaci alhali mai mayar da jini ta riga ta toshe. Haske kuwa tsokar kanta yake tambaya: kin samu oksijin ko ba ki samu ba? Wannan tambayar ita ce likitan fiɗa ya fi buƙatar amsarta.

Haka zancen yake a dashen hanta da ƙoda, inda toshewar jijiya a makonnin farko kan iya hallaka sabuwar gaɓar. Ƙungiyar Gerard Coté a jami'ar Texas A&M, tare da abokan aiki a Pittsburgh da Oak Ridge, ta shafe shekaru tana gwada ma'aunin haske da ake ɗorawa a kan hanta a jikin aladu, yana aika sakamako ba tare da waya ba. A jami'ar Northwestern kuma ƙungiyar John Rogers ta wallafa a 2019 bayanin wani ɗan mitsitsin ma'aunin oksijin da aka dasa a jikin ɓeraye, babu batir, daga waje ake tura masa wuta ta maganaɗisu. A lura da kalmomin nan biyu, aladu da ɓeraye. Yawancin wannan aiki har yanzu a jikin dabbobi yake.

Akwai wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. A watan Disamba na 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na jami'ar Michigan suka kwatanta abin da matsewar yatsa ke nunawa da abin da aka samu a jinin da aka ɗiba daga jijiya. Suka tarar cewa a cikin awon da na'urar ta nuna lafiya lau, kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙen fata oksijin ɗinsu ya yi ƙasa ainun, alhali a fararen fata bai kai kashi 4 ba. Sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana shan haske, kuma akasarin waɗanda aka daidaita na'urorin a jikinsu masu hasken fata ne. Hatta dubawar nas da na ambata, ta launin tsokar da aka dasa, ta fi wuya a baƙar fata. Fitilar da ke ƙarƙashin fata tare da idonta ta tsallake wannan shinge gaba ɗaya. Sai dai a yi hattara da talla: akwai nau'in da ake tsira abu a ƙarƙashin fata, amma daga waje ake haska shi ana karantawa. Wannan bai tsere wa matsalar launi ba, don hasken sai ya ratsa fatar sau biyu.

Ragowar dalilan na kasuwa ne. Wayoyin hannu da agogunan zamani masu koren haske a bayansu sun sa ƙwayayen fitila da idanun lantarki sun ƙanƙance sun yi araha. Sannan CardioMEMS, wani ma'auni marar batir da ake sakawa a jijiyar huhu, ya nuna wa masu zuba jari cewa akwai riba a nan. Matsin jini yake aunawa, ba haske ba, amma a gwajin da aka wallafa a 2011 kan majinyata 550 masu raunin zuciya ya rage kwanciya asibiti da kashi 28 cikin 100 a wata shida, kuma hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2014. Daga nan kowa ya gane cewa asibitoci da kamfanonin inshora za su biya kuɗin gargaɗin da ya zo da wuri.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Auna haske shi ne mafi sauƙin aikin. Jiki ba ya maraba da baƙo. Cikin mintuna da dasa kowane irin abu, sinadaran jini sun lulluɓe shi. Ƙwayoyin garkuwar jiki su taru, wurin ya kumbura, cikin 'yan makonni jiki ya saƙa masa riga ta tabo mai kauri wadda jijiyoyin jini ba su da yawa a cikinta. Ga ƙarfen da aka ɗaure karaya da shi, wannan ba wata damuwa ba ce. Ga na'urar da duk aikinta gani ne, tamkar yanar ido ce. Abin da ya fi muni, ba lallai ta makance gaba ɗaya ba. Tana iya ci gaba da ba da lamba, sai dai lambar ta tabon ce, ba ta gaɓar da aka sa ta gadi ba. Tun shekarun 1980 an gwada na'urar daidaita bugun zuciya mai ɗauke da ma'aunin oksijin na haske a kan wayarta, don ta ƙara gudu idan mai ita ya motsa jiki. Tunanin mai kyau ne, amma bai yi kasuwa ba. Ma'aunin girgizar jiki da na numfashi, waɗanda ba sa buƙatar taga, su ne suka ci gaba.

Hujja mafi ƙarfi cewa haske na iya daɗewa a jiki ta fito ne daga masu ciwon suga. Eversense na kamfanin Senseonics ɗan siriri ne da bai kai santimita 2 ba, ana saka shi ƙarƙashin fatar damtse, yana auna suga ta hanyar wani sinadari mai ƙyalli idan an haska shi. An amince da shi a Amurka na kwana 90 a 2018, na kwana 180 a 2022, na shekara guda a 2024. A duba wannan hawan a hankali: shekara shida kafin a tashi daga wata uku zuwa wata goma sha biyu. Kuma sai da aka ɗaura masa zobe mai sakin maganin hana kumburi a hankali, wato ana lallashin jiki ya yi haƙuri da baƙon. Ƙarƙashin fatar damtse kuma wuri ne mai sauƙi, a yanka a cire a cikin ofishin likita. Bayan hanta ba haka yake ba.

Sai batun wuta. Na'urar daidaita bugun zuciya na iya yin kusan shekara goma da batir guda domin abin da take ci ƙanƙane ne ƙwarai. Fitila kuwa maciyiya ce. Mafita ita ce a riƙa kunna ta ƙyaf, a kashe, a jira, wanda ke nufin "dare da rana" da ake faɗa a talla a haƙiƙa leƙe ne lokaci-lokaci. Ko kuma a turo wutar daga waje, majiyyaci ya riƙa yawo da wani abu manne a fatarsa. Ƙa'idar kayan dashe kuma ba ta yarda bayan na'ura ya ɗara zafin jiki da fiye da digiri 2 ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: haske ba ya ƙirga lita nawa na jini suka wuce. Yana ganin kumbura da sacewar jijiyoyi tare da bugun zuciya, ko yawan oksijin a tsoka, ko, idan leza ce, motsin jajayen ƙwayoyin jini a ɗan wurin da bai wuce kan allura ba sosai. Daga waɗannan ake kintata gudun jini. Masu famfon zuciya irin HeartMate 3 sun san iyakar wannan. Famfon yana tura jini kusan bai ɗaya, ba bugu-bugu ba, saboda haka matsewar yatsa, wadda bugu take nema, sau da yawa ba ta iya karanta komai a jikinsu. Shi kansa famfon daga saurin juyawarsa da wutar da yake ci yake lissafa jinin da ya tura.

In na'urorin suka yi nasara, za su zo da nasu nauyin. Na'urar da ke yawan ihu ba dalili, ma'aikata kan gaji su daina kula ta, ko kuma a mayar da mutum ɗakin tiyata a buɗe shi a tarar lafiya ƙalau. Duk abin da ke aika saƙo ta iska kuma ana iya kutsa masa. A 2017 sai da aka kira masu na'urorin bugun zuciya kusan 465,000 a Amurka, ƙirar St. Jude Medical, domin a gyara manhajarsu saboda wannan barazana. Ga kuma tambayar da majiyyaci ya kamata ya yi kafin a dasa masa komai: in kamfanin ya durƙushe fa? Mutane sama da 350 da aka dasa wa na'urar ido ta Argus II sun wayi gari kamfanin Second Sight ya daina ƙera ta, abin na nan a idonsu, gyara ya zama jidali.

A ganina, wannan fasaha za ta fara cin nasara ne a gajeren zango, ba a zaman dindindin ba. Haɗarin toshewar jijiya bayan dashe a kwanakin farko yake taruwa, daidai lokacin da tabo bai gama rufe tagar ba, kuma ba a buƙatar batir mai shekaru. Ma'aunin da zai yi mako ɗaya ko biyu a zare shi, ko ya narke a jiki kamar zaren ɗinki, wanda ƙungiyar Rogers ke aiki a kai, ya fi kusa da gadon asibiti fiye da wanda aka ce zai zauna har ƙarshen rai.

Irin tiyatar nan ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A Sakkwato akwai asibitin da ke gyara fuskokin yaran da cutar noma ta ci, cutar da ke cinye kunci da leɓe, kuma gyaran ya dogara ne kan tsokar da aka matso da ita ta ci gaba da samun jini. Asibitin koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Amma gargaɗin na'ura ba ya buɗe jijiya. Sai an samu likitan fiɗa da mai sa barci da ɗakin tiyata mai wuta da jini a ajiye, duk cikin awa ɗaya ko biyu, sannan gargaɗin ya zama ceto. Asibitin da yake da kuɗin abu ɗaya kacal, ya fara da wannan. Kuma kafin fitilar cikin tsoka ta iso, masu sayo wa asibitocinmu matsewar yatsa su riƙa tambayar dillali a kan fatar su wa aka gwada ta.